Kuɗin Sallama da Fuskar da Aka Sani: Dattawanmu a Hannun Wakilan Inshora

Shugaban taro, malamai da fastoci, masu unguwanni, iyayenmu maza da mata da kuka ba ƙasar nan ƙuruciyarku, da ku matasa da kuka rako iyayenku, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina neman afuwa tun da wuri, domin maganar yau ta shafi kuɗi, ta shafi kunya, ta kuma shafi mutanen da wasunmu ke tsayawa da su sahu ɗaya a masallaci ko suke zama da su benci ɗaya a coci.

Wannan ɓangare na Kaduna, daga gada zuwa Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi har Sabon Tasha, albashi ne ya gina shi. Jirgin ƙasa ne ya fara tara ma'aikata a nan. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, a shekarar kuma aka kafa masana'antar makamai ta DICON. Arewa Textiles ta biyo baya, inda Adams Oshiomhole ya yi aiki kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982. Kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. Mutane suka taho daga Zangon Kataf da Kagoro, daga Katsina da Zariya, daga Binuwai da Filato da ƙasar Igala, suka kama haya, suka yi aure, suka haifu. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 20 a zamanin Gowon, yau ya haura 70. Shi ya sa da wuya ka sami wani yanki a Arewa da ya tara tsofaffin ma'aikata kamar wannan.

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu daga ofis zuwa ofis, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, aka bar matansu da takardu a leda. Arewa, Nortex da Finetex suka bi sahu, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007. A can sama kuma aka yi ta jin abin da ya sami kuɗin 'yan fansho: kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa gyaran harkar fansho, shekara 8 a watan Nuwamba na 2021 kan halasta kuɗin haram.

Me dattijon Kakuri ya koya daga wannan duka? Ya koyi cewa takarda mai hatimi ba ta hana a cuce ka, kuma babban ofis ba ya jin kukan ƙaramin mutum. Sai ya janye amanarsa daga hukuma ya mayar da ita kan fuska: wanda na sani, wanda na san ubansa. Rikicin 2000 da na 2002 suka ƙara ƙuntata da'irar. Gari ya rabu, mutane suka yi ƙaura suka tsallaka kogi, kowa ya koma inda yake jin zai yi barci da ido biyu rufe, aka koma tambayar ko mutum namu ne kafin a tambayi ko mai gaskiya ne. Ban ga laifin wanda ya ga gidansa na cin wuta ba in ya koma haka. Amma dole a faɗa: wannan ƙuntatacciyar amana ita ce ƙofar da ake shigowa ta cikinta a yau. Baƙo ba zai iya raba Baba da kuɗin sallamarsa ba, domin Baba ba zai ma ba shi kujera ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Bari mu duba yadda aikin wakilin inshora yake, domin wanda bai san yadda ake biyan mutum ba, bai san dalilin zaƙin bakinsa ba. Yawancin wakilan da ke yawo unguwa-unguwa ba su da albashin kirki, wasu ba su da shi sam. Kamasho suke ci: kaso daga kuɗin da suka jawo wa kamfani. A inshorar rayuwa kuwa kamashon shekarar farko shi ne mai tsoka, na shekarun baya ya fi ƙanƙanta. Ga kuma manaja a bayansa da adadin da dole ya cike kafin ƙarshen wata. To yaron da ya gama jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, ya yi shekara uku ba aiki, aka ba shi jaka da fom aka ce je ka nemo, wa zai fara tunkara? Mutanen da ba za su iya korarsa ba: ƙanen babansa, matar da ta yi goyonsa, dattijon da ke koyar da shi a makarantar Lahadi, maƙwabcin da suke sallar asuba tare. Mafi yawansu ba ɓarayi ba ne, yara ne masu neman halak ɗinsu, kuma akwai waɗanda suka tsaya wa gwauraye da marayu har aka biya su. Amma tsarin da ke biyan mutum don ya sayar, ba don abin ya dace da mai saye ba, yana tura ko mai tsoron Allah zuwa bakin rami. Akwai kuma bambancin da ya kamata kowa ya riƙe: wakili na kamfani ne, kamfani yake wa aiki. Dillalin inshora mai rajista shi ne doka ta ɗauka a matsayin mai tsaya wa abokin ciniki. Wanda ya zo gidanka da rigar kamfani, ko ɗan cikinka ne, a wannan zama ba kai yake wakilta ba.

Mafi munin cutar ita ce mafi sauƙin ganewa. Mama tana ba yaro kuɗi a hannu duk wata, yana rubutawa a ɗan kati ko ya ba ta rasit ɗin da ya buga a shagon kwamfuta, kuɗin kuwa ba su taɓa isa kamfani ba, ko sun isa na wata uku sannan suka tsaya. Ranar da aka je karɓa sai a ce babu sunanta, ko a ce yarjejeniyar ta mutu tun shekaru biyu da suka wuce. Dokar inshora ta 2003 ta ce in ba a biya kuɗin inshora ba babu kariya, kuma hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta tsananta aiki da wannan ƙa'ida daga Janairun 2013. Sai ya zama aikin Mama ne ta tabbatar ta biya, ita da ba ta da komai sai katin da yaro ya yi wa zane da biro. Irin wannan ne ke faruwa da inshorar mota ta dole, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023: ana sayar wa mutane takardar bogi a bakin ofishin lasisi, alhali akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora da za a iya duba lambar mota a cikinsa ta waya.

Akwai wadda ta fi wannan wayo, domin kuɗin sun isa kamfani, takardar ma ta gaskiya ce, bakin ne kawai ya yi ƙarya. A ce wa tsohuwa: "Mama, kamar adashi ne, ki riƙa zubawa, duk ranar da kika so ki kwashe, har da riba." Ba adashi ba ne. Yarjejeniya ce ta shekara 5 ko 10 ko fiye, kuma wanda ya kasa ci gaba da zubi a shekarun farko, abin da za a mayar masa bai kai abin da ya zuba ba, wani lokaci ba ya samun ko sisi. Mai shekara 68 da ke fama da hawan jini, wanda kuɗin maganinsa ke ƙaruwa duk wata, ina shi ina alkawarin zubin shekara 10? Wakilin ya san haka. Ya kuma san ya riga ya karɓi kamashonsa tun a shekarar farko.

Yanzu zan daɗe a kan wadda ta fi shafar zauren nan, wato zaɓin da ake sa ma'aikaci ya yi a makonnin farko na ritayarsa.

Tun dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikaci yana da asusun kansa. Shi yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikinsa yana zuba kashi 10, kamfanin kula da fansho yana juya kuɗin, hukumar PenCom tana sa ido. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2016, ta shiga tsarin daga 2017. Idan ritaya ta zo, ana ba mutum wani kaso a dunƙule, sauran kuma a ce ya zaɓi ɗayan hanya biyu. Ko dai ya bar kuɗin a asusunsa, kamfanin fansho ya ci gaba da juyawa yana tsakuro masa wata-wata, ko kuwa a kwashe su gaba ɗaya a miƙa wa kamfanin inshorar rayuwa, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyansa wani adadi duk wata har ƙarshen ransa. Wannan ta biyun ita ake kira anuwiti.

Kowace tana da amfaninta, kuma ina so a ji ni da kyau, ban zo in ɓata ɗaya in gyara ɗaya ba. Mai anuwiti ko ya kai shekara 100 dole a ci gaba da biyansa, alhali wanda ya bar kuɗinsa a asusu, in Allah ya ja kwanansa sosai, asusun na iya yin ƙasa. Amma ga abubuwan da ba a cika faɗa wa Baba a falonsa ba. Wanda ya bar kuɗinsa a asusun fansho yana iya komawa anuwiti daga baya, amma wanda ya tafi anuwiti ba ya dawowa. Ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya. Sannan batun magada: in mai asusu ya rasu, abin da ya rage nasu ne. A anuwiti kuwa shekara 10 aka lamunce. In mutum ya rasu a cikinsu, ana biyan magada ragowar shekarun, in ya wuce su ko da wata ɗaya ne, babu abin da iyali za su karɓa. Ku yi tunanin mutumin da ya yi ritaya yana da shekara 60, ya yi aure a makare, autarsa tana firamare. Wannan bayani kaɗai na iya sauya shawararsa, kuma haƙƙinsa ne ya ji shi kafin ya sa hannu, ba matarsa ta ji shi bayan kwana arba'in ko bayan an dawo daga jana'iza a ƙauye ba.

Sai kuma tsadar rayuwa. Yawancin anuwiti adadi ne tsayayye. A ɗauka an yanka wa mutum naira 40,000 a wata a 2015, lokacin da buhun shinkafa yake wajen naira 10,000. A 2024 buhun ya haura 80,000, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar, shi kuwa yana nan a kan 40,000 ɗinsa. Waɗanda suka bar kuɗinsu a asusu, PenCom ta amince a yi wa waɗanda asusunsu ya yi riba ƙari a 2017, aka sake yi a 2020. Ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma mai anuwiti bai shiga cikinsa ba. Wakilin da ya nuna wa Baba cewa anuwiti ya fi da naira dubu kaɗan a watan farko, gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta. Haka ma ma'aikacin kamfanin fansho da ke tsorata Baba cewa kamfanin inshora zai cinye masa kuɗi, shi ma yana da tasa buƙatar, domin kamfaninsa na cin la'ada muddin kuɗin na hannunsa. Mutum biyu ke jan rigar dattijo, kowanne da abin da zai samu, kuma babu na ukun da aka ajiye don ya gaya masa gaskiya tsakani da Allah.

Alkawarin "har ƙarshen rai" kuma yana da sharaɗin da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe ba: sai kamfanin ya rayu. A watan Yuni na 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, bayan mutane sun daɗe suna kukan ba a biyansu. A watan Oktoba na 2024 ta rushe hukumar gudanarwar African Alliance, kamfanin da aka kafa tun 1960, ta naɗa ta riƙon ƙwarya, saboda ya gaza biyan haƙƙoƙi, ciki har da na 'yan fansho masu anuwiti da suka yi watanni ba su ga alat ba. Waɗannan ba kamfanonin bayan gida ba ne, sunaye ne da iyayenmu suka sani tun suna samari. Wakilan da suka kawo musu mutane kuwa, da yawansu sun riga sun koma wani kamfanin da sabuwar riga. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta ɗaga jarin da dole kamfanin inshorar rayuwa ya mallaka zuwa naira biliyan 10, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe. Mataki ne mai kyau, ina maraba da shi. Amma doka tana Abuja, sa hannun kuwa a kan tabarma ko kujerar falo ake yinsa a Unguwar Sunday.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan halin baƙar fata ne ko na talaka. A Ingila, daga 1988 zuwa 1994, wakilai masu cin kamasho sun rinjayi ɗimbin ma'aikata, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu haƙar kwal, suka bar fanshon wurin aikinsu mai kyau suka sayi na kamfanoni da bai kai shi ba. Mutane ne masu karatu, a harshensu aka rubuta takardun, aka kuma cuce su. Bambancin shi ne can an tilasta wa kamfanonin bin mutane ɗaya bayan ɗaya, aka biya diyyar da ta haura fam biliyan 10. An kama kamfani da laifin abin da bakin wakilinsa ya faɗa. Wannan shi ne abin da nake so mu nema a nan: kada kamfani ya ci ribar ƙaryar wakili, sannan in ta fashe ya ce ai ba da yawunsa ba.

To me ya sa ba ma jin waɗannan labarai sai a ɓoye? Kunya. Mutumin da ya riƙe sashe guda a masaƙa, ya aurar da 'ya'ya shida, ake kawo masa ƙarar unguwa yana sasantawa, yaya zai buɗe baki ya ce yaron da aka haifa a gabansa ya yi masa wayo? Yana tsoron 'ya'yansa su ce Baba ya fara ruɗewa, su karɓe katin banki daga hannunsa. Mama tana tsoron a ce ta tona asirin ɗan ƙawarta, zumuncin mata ya watse, a riƙa nuna ta a coci ko a Islamiyya. Sai a ce "na bar shi da Allah". Kalma ce mai nauyi, ban raina ta ba, kuma wanda ya yafe don Allah ladansa na wurin Allah. Amma yafe haƙƙinka daban, rufa wa mai cuta asiri ya tafi gida na gaba daban. Gwauruwar da ke layin bayanku, wadda zai je wa gobe da irin murmushin da ya zo muku da shi, ba ku da ikon yafewa a madadinta. Iyayena, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka cuta ba shi ne ya yi abin kunya ba.

Mu kuma 'ya'ya, kada mu yi saurin nuna wakili da yatsa. Sau nawa katin cirar kuɗin tsoho yake kwana a aljihun jika? Sau nawa Mama ke miƙa wa mai POS kati ta faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a bakin kasuwar Sabo, saboda idonta ba ya ganin maɓallan? A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023 an ga yadda tsofaffi suka zama abin tausayi a layukan banki, kowa na cire nasa kason kafin kuɗinsu ya iso hannunsu. Akwai kuma masu bugo waya su ce daga ofishin fansho suke, a turo wani abu don a hanzarta fitar da giratuti. Hukumar PTAD, mai kula da 'yan tsohon tsarin fansho na tarayya tun 2013, ta sha nanata cewa ba a biyan ko kwabo don tantancewa ko don a biya mutum haƙƙinsa. Wanda ya nemi kuɗi don ya fito maka da kuɗinka, ɓarawo ne, ko da ya san lambar fayil ɗinka da sunan tsohon shugabanka. Harkar zuba kuɗi ta bogi ta MMM ta tafi da kuɗin mutane a Disambar 2016, ta CBEX ta tafi da nasu a Afrilun 2025, kuma a duka biyun mutane sun shiga ne ta hannun wanda suka sani.

Ina da magana ta musamman ga shugabannin addini da na ƙungiyoyi, kuma ina yinta da ladabi. Idan aka ba mai talla minti biyar bayan sanarwa ranar Lahadi, ko aka bar shi ya miƙe bayan an sallame sallah, ko aka gabatar da shi a taron ƙungiyar 'yan fansho ko ta 'yan ƙauyenmu, tsohuwar da ke zaune a baya ba ta jin sunan kamfanin. Abin da take ji shi ne Fasto ya yarda da shi, Malam ya yarda da shi, Ciyaman ya yarda da shi. Mutuncinku ne aka ara aka je kasuwa da shi. Saboda haka kafin a ba kowa makirufo, a nemi lasisinsa na NAICOM, domin doka ta wajabta wa wakili ya mallake shi, a kuma aika mutum ofishin kamfanin a tabbatar yana cikin ma'aikatansu har yanzu. In kuwa an ba coci ko masallaci ko ƙungiya wani ihsani saboda wannan dama, a faɗa wa jama'a a fili. Haka nan kada kalmar takaful ta sa 'yan'uwa Musulmi su saki jiki. Tsari ne na gaskiya, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Noor da Jaiz Takaful suka sami lasisi a 2016, kuma ya warware wa mutane da yawa damuwarsu game da riba. Amma sunan Musulunci a kan fom ba ya karanta maka abin da ke cikin fom, kamar yadda ayar da wakili ya jawo a ƙofar gida ba ta zama rasit.

Abin da nake roƙo a yau abu ɗaya ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba: kada wani dattijo a unguwannin nan ya sake sa hannu ko dangwala yatsa a takardar kuɗi shi kaɗai, a zama ɗaya. A karɓi takardar, a ce wa yaro ya dawo mako mai zuwa. In ya ce garaɓasar za ta ƙare gobe, to ta ƙare. Abin da zai ɗaure ka har ƙarshen rai ba ya lalacewa don ya kwana bakwai. A cikin makon a samu wanda ba shi da ko kwabo a cinikin ya karanta, ya fassara da Hausa ko da harshen gida, a kuma sa wakilin ya rubuta amsar tambayoyin nan da hannunsa ya sa suna: in na fasa bayan shekara ɗaya nawa za a mayar mini, in na mutu me iyalina za su samu kuma har zuwa yaushe, adadin nan zai ƙaru ko ba zai ƙaru ba, kai kuma nawa za ka samu a kaina? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya ta ƙarshen nan. Kuɗi kuma kada su bi ta hannun mutum ko asusun da ke ɗauke da sunan mutum, sai asusun kamfani, rasit kuma daga kamfani. Fom ɗin da ba a cike ba, kada a sa masa hannu don an ce za a ƙarasa a ofis. A kuma gaya wa mata da manyan 'ya'ya inda takardun suke. Ma'aikata da yawa ba su ma san doka ta wajabta wa mai aikinsu ya yi musu inshorar rayuwa da ta kai ninki uku na albashin shekara ba, iyalai nawa ne suka rasa wannan haƙƙi don babu wanda ya san a tambaya?

Masu karantawar kuwa muna da su, ba sai an ɗauko daga wani wuri ba. A zauren nan akwai tsofaffin akantoci na matatar mai, akwai waɗanda suka yi aikin banki, akwai tsofaffin sakatarorin ƙungiyar ƙwadago da suka yi shekaru suna zama da Turawa da 'yan Japan da 'yan Sin a teburin ciniki suna ƙwato wa ma'aikata ƙarin albashi. Kowace coci, kowane masallacin Juma'a, kowane reshen 'yan fansho ya ware mutum uku irin waɗannan, a san su da suna, a san ranar da suke zama. A sa mace a cikinsu, domin akwai abin da gwauruwa ba za ta faɗa wa namiji ba. In ma zai yiwu, kwamitin coci da na masallacin da ke unguwa ɗaya su riƙa gaya wa juna sunan wanda aka kama da rashin gaskiya, domin shi mai cutar ba ya tambayar addinin naira.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, ƙofa ba ta rufe ba. A fara da rubuta wa kamfanin takarda, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In ba su amsa ba, NAICOM tana da sashen karɓar koke a kan kamfanonin inshora, PenCom tana karɓar na fansho. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofis a nan Kaduna kuma ba a biyan kuɗi, haka Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ga wanda ba shi da halin ɗaukar lauya. In kuɗi aka karɓa aka cinye, wannan laifi ne na zamba, na 'yan sanda ne da EFCC, wadda ita ma tana da ofis a garin nan. Ku zo da duk abin da kuke da shi, ko katin biro ne, ko saƙon waya, ko sunan wanda yake zaune a wurin ranar da aka ba da kuɗin. Kada kuma a tura Baba shi kaɗai ya hau Keke ya tsallaka gada yana neman ofis. Ɗaya daga cikin mutum ukun nan ya raka shi, in an ce a dawo a dawo tare.

Shugaban taro, na ga akwai iyayenmu da suka zo da takardunsu a hannu. Ina roƙon a ba mu tebur a gefe bayan addu'ar rufewa, ni da duk wanda ya iya karatun irin waɗannan takardu, mu duba su ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya tafi.